Mu masu gyara a Damagaram: mai takarda bai ƙirga da mu ba, mai ƙera kaya bai yi don mu ba

Mai Naɗi, Zango:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta kwana biyu tana cin raina, yau na ce bari in kawo ta nan, tunda a cikinmu akwai masu gyara, akwai malaman lakwal, akwai ɗalibai.

Sana'ata naɗin koyil ce: famfon ruwa, fanka, injin niƙa mai kuran, grup (wato janareta). Shekara 27 ke nan ina yi. Kwanakin baya wani mai garka daga wajen Mirya ya kawo mini famfonsa ya ƙone. Na buɗe, koyil ya yi baƙi ƙirin, warin ƙonannen banish ya cika shago. Na ciro tsohuwar waya rami-rami, na ƙirga zagaye, na auna kaurinta, na rubuta a littafina. Na shimfiɗa sabuwar takarda a ramukan, na naɗa, na ɗaure da zare, na zuba banish, na shanya kwana biyu. Ya ɗauka ya tafi. Sati uku sai ga shi ya dawo, ya sake ƙonewa. Na sake naɗawa, kuɗin waya kawai na karɓa. Da ya dawo karo na uku, ko gaisuwar kirki bai yi mini ba, kallon da yake mini ya ishe ni.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'a yana zaune a shagon. Ya ce, Kawu mu je mu ga inda famfon yake aiki. Muka hau babur. Ashe tsakanin grup da bakin rijiya akwai tafiyar kusan mita 150, kuma siririyar waya aka ja, irin wadda ake sa wa ƙwan fitila. Yaron ya ɗora mitarsa ta auna wuta a bakin grup, bolt 220. Ya ɗora a bakin famfo yana cikin aiki, 170 da 'yan kai. Aka sauya waya mai kauri, na yi naɗi na uku, har yau famfon yana ba da ruwa.

Da muka dawo na miƙa wa yaron wani injin da na fasa, na ce to naɗa mini wannan. Ya juya shi ya sake juyawa, bai san ta inda zai fara ba.

Tun ranar nake tunani. Masu karatu ba su ɗauke mu masu ilimi ba. Masu ƙera kayan nan a ƙasashen waje kuma ba don a gyara suke yin su ba yanzu, don a yar a sayi sabo suke yi. Mu muna tsakiya. Da ina da yara takwas a shago, yanzu uku suka rage, sauran sun koma kabu-kabu. Ina tambaya tsakani da Allah: da me muke rayuwa har yanzu, kuma zai kai mu ina?

Shugaban Zaure:
Wa alaikumus salam Malam. Magana ce babba. Don Allah kowa ya faɗi nasa ban da cin fuska.

Mushen Fizik:
Malam Mai Naɗi, Allah ya saka da alheri. Abin da ya sami famfon nan shi nake koyarwa a aji kowace shekara. Siririyar waya mai tsawo tana cinye wani kaso na wutar a hanya. In wutar da ta isa wurin injin ta yi ƙasa, shi kuma nauyin ruwan da zai ɗaga bai ragu ba, sai ya riƙa jan ampar, wato yawan wutar da ke bi ta waya, fiye da kima. Zafin da ke tashi a koyil kuwa ba daidai da ampar yake hawa ba, ninkawa yake yi: ampar in ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, zafi ya ƙaru da kashi 44. Banish ya narke, waya ta taɓa waya, shi ke nan.

Amma abin da ke damuna, ɗalibaina suna haddace wannan da Faransanci, su rubuta a jarrabawa, su ci. Ka kai su gaban injin da ya ƙone, ba wanda zai ce ga dokar Om, wato dokar lissafin wutar da muka haddace, nan a gabana. Ni kaina sai da na shekara goma ina koyarwa kafin na riƙe koyil a hannuna, shi ma fankar ɗakina ce ta mutu na kai gyara na tsaya ina kallo. Ɗakin gwajin makarantarmu akwai shi, amma mita biyu ne kacal ke aiki, yara kuwa sun haura 70 a aji.

Yaro Mai Waya, Kasuwar Dole:
Mushe, da girmamawa, mu fa ba lakwal muke jira ba. Ni a aji uku na koleji na tsaya. Duk abin da na iya, a gaban maigidana na koya, sai YouTube, sai rukunin da muke ciki da masu gyara na Kano da Maraɗi. Waya ta gagare ni, in ɗauki hoton cikinta in tura, kafin la'asar wani ya zana mini ja a kan inda zan duba. Bidiyon ma da yawa da yaren Indiya ne, ba na jin ko kalma ɗaya, hannun mutumin nake kallo.

Kayan gyara kuma daga Farm Centre ta Kano suke zuwa. Ku tuna 2023 da aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke kuran. Gilashin waya ya yi tsada, wani ma babu shi sam. Da me muka ci abinci? Da gawar waya. Ina da buhu biyu na matattun Tecno da Itel a ƙarƙashin tebur, nan nake ciro bakin caja, nan nake ciro sifika. Wanda bai tara gawa ba a lokacin ya rufe shago.

Abin da zai kashe mu daban ne. Yanzu batir manne yake da gam, gilashi manne yake. Wasu manyan wayoyin ma in ka sa musu gilashin da ba nasu ba sai su riƙa nuna gargaɗi, mai waya ya ce ka cuce shi. Ƙananan kuma kuɗin gilashi ya kusa rabin kuɗin sabuwa, sai mutum ya ce bar shi kawai.

Ɗalibin Jami'a:
A Faransa a 2021 doka ta tilasta a liƙa wa waya da kwamfuta maki na sauƙin gyara, daga sifili zuwa 10, mai saye ya gani kafin ya biya. Tarayyar Turai kuma ta sa a koma bakin caja iri ɗaya daga ƙarshen 2024. Ke nan su ma can abin ya dame su.

Yaro Mai Waya, Kasuwar Dole:
To su suna da wanda zai tsaya musu. Mu wa ya taɓa tambayarmu kafin a shigo da kaya?

Baba Mai Rediyo (jikansa ke rubutawa):
Baba ya ce a gaishe da kowa. Ya ce ɗana mai waya, kukan da kake yi na yi shi sau uku. Na fara da rediyo mai kwalba, wadda sai ta yi ɗumi kafin ta yi magana. Transisto ta zo muka ce mun mutu, muka koya. Rikoda mai kaset ta zo, muka koyi sauya roba da goge kai da auduga. Sannan aka kawo rediyon da in ka buɗe ba ka ganin komai sai baƙin tabo ɗaya kamar an ɗiga kwalta, duk rediyon tana cikinsa. Wannan ita ta tashe ni daga sana'a, don ba abin da za ka cire ka sa.

Ya ce lokacin da kowane mai shayi ke da rediyo yana jiran BBC da Muryar Jamus, in ta lalace da safe, kafin labaran rana mutum yana tsaye a kaina. Mu bakwai ne a layinmu. Biyu sun koma gyaran talabijin, ɗaya ya koma haɗa lasifikar masallaci, shi ne ma ya fi mu samu. Sauran Allah ya yi musu rasuwa.

Ya ce abin da ya riƙe mu a lokacin, ba ma ƙin juna. In ba ni da kaya in aika yaro wurin maƙwabci ya ara mini. Amma ilimi kam kowa ɓoye nasa yake. Maigidana in zai yi gyaran da ya fi wuya sai ya aike ni sayen goro. Na shekara shida kafin na gane me yake yi in na fita.

Injiniyan Ruwa:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ni zan tsaya wa takarda kaɗan, ku yi mini haƙuri, don na ga zaure na neman ya karkata gefe guda.

Kowa ya san Damagaram a kan dutse take zaune. Shi ya sa ruwan gari daga nesa ake jawo shi, daga su Gogo da Arunguza, shi ya sa 'yan garuwa ba sa rasa aiki in bazara ta yi. A ƙasa irin wannan ruwa ba shimfiɗe yake ko'ina ba, a cikin tsagar dutse yake da inda dutsen ya ruɓe. Ka matsa taku ashirin ka rasa shi. Mu kafin a kawo injin haƙa, sai mun kafa ƙarafa a ƙasa mun tura wuta mun auna yadda ƙasar ke bari ta wuce, domin dutse mai ƙwari yana tare wuta, tsaga mai ruwa tana sakinta. Na ga ƙauyen da suka tara kuɗi shekara biyu, aka haƙa musu bisa "ai nan akwai ruwa", aka tarar da ƙura. Wanda ya nuna wurin ya hau babur ya tafi. In ni na sa hannu a takarda abin ya lalace, an san ofishin da za a same ni. Amfanin takarda ke nan, ba girman kai ba ne.

Ban ce tsofaffin masu haƙar rijiya ba su san komai ba. Duk inda na je su nake fara nema. Tsoho zai ce maka a nan mun tarar da jar ƙasa a gaba shida, a can mun ci karo da dutse a gaba huɗu. Wannan bayanin babu shi a taswirar ofis, kuma yana rage mini aikin kwana biyu.

Mai Naɗi, Zango:
Injiniya, sunan tsohon yana shiga rahoton da kake rubutawa?

Injiniyan Ruwa:
Gaskiya ba ya shiga. Ana rubuta "bayanan mutanen gari".

Mai Naɗi, Zango:
To ka ga inda nake. Bari in ba ka nawa. Wata ƙungiya ta nemi mai gyaran famfunan ƙauyuka. Na je, aka ce ina diplom, ina rajista. Ba ni da su. Aka ba wani mai takarda. Bayan sati biyu, da magariba, sai ga mota a ƙofar shagona da famfo tara. Shi ne. Na naɗa su duka, ya biya ni abin da ya ga dama, ni kuma na karɓa don akwai cefane a gabana. Ban ƙi takarda ba. Amma a ce mutum ya shekara 27 yana abu, babu wata ƙofa da zai shiga a gwada hannunsa a ba shi shaida, sai dai ya koma aji ya zauna da sa'o'in 'ya'yansa da harshen da ba ya ji?

Ɗan Maƙera, Birni:
Sannunku. Mu gidanmu ƙira gado ce, kuma in ana maganar tsira daga zamani zuwa zamani a saurare mu. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi ganuwa kuma ya rasu a 1884, a garin nan ake zuba igwa, a nan ake haɗa albarushi. Ba jami'a a lokacin. Maƙera ne.

Yau me muke yi? Kalme, haiwa, gatari, wuƙa, murhu, ƙafar amalanke. Ƙarfen da muka fi so sifirin tsohuwar mota ne. Ka sa shi a wuta har ya yi ja kamar gauta, ka buge, ka tsoma a baƙin mai. In ka tsoma a ruwa ya yi tauri fiye da kima, sara ɗaya ya tsage. Bayan nan ka goge bakin ka mayar kusa da wuta kana kallo, launi zai fara tafiya, daga ruwan ƙasa-ƙasa kamar kara zuwa shuɗi. Inda za ka tsaya ya danganta da ko wuƙa kake yi ko gatari. Babana bai taɓa gaya mini da baki ba, in na wuce wuri sai ya buge mini hannu.

Amma ga abin da nake so Malam Mai Naɗi ya ji. Kakannin kakanninmu daga tama suke fitar da ƙarfe, su gina tanderu su kwana suna zuga. Da ƙarfen Turawa da tarkacen mota suka yawaita, aka daina. Yau a duk danginmu babu mutum ɗaya da zai iya. Na tambayi tsofaffi, kowa sai ya ce ya dai ji ana faɗi. Yawan gawayi, irin tamar, tsawon tanderun, duk sun bi masu su kabari. Mun tsira da sana'a, amma rabinta ya tafi.

Mushen Fizik:
Wannan launin da kake kallo, Yaya, ma'aunin zafi ne sosai. Ruwan kara wajen digiri 220 ne, shuɗi wajen 300. Idonka na yin aikin da na'ura ke yi a masana'anta.

Kuma maganarka ta ƙarshe ita ta kawo ni ga shawara. Malam Mai Naɗi, littafin nan naka da kake rubuta zagaye da kaurin waya na kowane inji shekara 27, babu irinsa a laburaren jami'a. Ka ba mu mu ɗauki hotonsa, ni da ɗalibai mu tsara shi, mu ƙara bayanin dalili da Hausa, a raba wa duk mai so. Mu ma mu buɗe muku darasi ranar Lahadi: yadda ake karanta mita, yadda ake lissafin kaurin waya.

Mai Naɗi, Zango:
Mushe, darasi ina so, ni zan fara zuwa. Littafi kuwa a'a. Kai kana da albashi, in ka tsufa kana da fansho. Ni littafin nan shi ne gonata, shi zan bar wa 'ya'yana. Akwai injin da na fasa sau huɗu na yi asarar waya kilo biyu kafin na samo adadinsa. In an watsa a waya, gobe yaron da bai taɓa ƙona yatsa ba ya buɗe shago kusa da ni ya karya farashi. Kuma na san yadda ake yi: a buga da sunan wani, a kira taro a otal a Yamai, ni ko labari ba zan ji ba.

Ɗalibin Jami'a:
Amma Baba ai ilimi ba ya ci gaba sai an baza shi. Kimiyya haka ta ginu, kowa ya wallafa abin da ya gano wani ya ɗora.

Ɗan Maƙera, Birni:
Ƙanena, mai wallafawa ana ƙara masa girma a wurin aiki saboda ya wallafa. Shi Malam me za a ƙara masa? Ni na kawo zancen tama, amma ban ce ya ba da kyauta ba.

'Yar Sabon Gari:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Tun ɗazu nake karantawa. Ni na yi karatun lantarki, yanzu ni da yayana muke haɗa sola a gidaje da shaguna, don haka ƙafata ɗaya tana nan ɗaya tana can.

Tun da aka sha duhu a 2023 kowa ya zama mai haɗa sola. Abin da nake tararwa a gidajen mutane yana ba ni tsoro. Batir a ɗakin kwano da rana ke dukansa, alhali batir mai ruwa in zafi ya ƙaru da digiri 10 a kan 25, kwanansa na raguwa da kusan rabi. Ana shanye shi har fitila ta mutu, alhali bai kamata ya sauka ƙasa da rabi ba, wato wajen bolt 12.1. Ana ƙara masa ruwan rijiya. Na ga inda aka ɗora kayan wat 1000 a kan batir mai bolt 12 da wayar da ba ta kai kaurin tsinken tsintsiya biyu ba, wurin da ampar fiye da 80 ke bi. Robar ta narke ta manne da bango, kuma a ɗakin yara ke kwana. Fano kuma, wato farantin sola, a kwantar da shi a rufi yadda aka ga dama, ba a fuskantar da shi kudu, ƙurar hunturu ta rufe shi wata biyu ba mai gogewa. In batir ya mutu a wata takwas sai a ce kayan Sin ne ba su da kyau.

Wanda ya haɗa ba mugu ba ne, ba wanda ya gaya masa ne. A nan ɓoye ilimi gobara yake jawowa.

Abin takaici, mu ne ya kamata mu fi kowa sanin rana. Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, haifaffen Tasawa ne a 1929. A 1969 ya fara jagorantar ofishin makamashin rana na ƙasa, suna ƙera tukunyar dafa ruwa da murhun rana a Yamai da hannun maƙeran ƙasar nan. Ya rasu a 1991. Yau ko ƙusar da muke ɗaure fano da ita daga waje take zuwa.

Sai abu ɗaya, Baba Mai Naɗi. Ka ce yaranka sun ragu zuwa uku. Na je shago huɗu neman koyon aikin hannu bayan na gama karatu, duk suka ce ba sa ɗaukar mace. Na san 'yan mata biyar da za su zo gobe in an buɗe musu ƙofa.

Mai Naɗi, Zango:
'Yata, wannan ban taɓa tunaninsa ba, gaskiya. Shagona a bakin titi yake, maza ke cika shi. Bari in yi shawara da mutanen gida, akwai zaure a gidana da ba a komai da shi.

Malama Nas:
Tunda an zo maganar abin da ba a gaya wa mutane ba, ga nawa. Masu fasa tsohon batir su narka dalma, da masu zubin tukunya da kowane irin tarkace, da ku masu liƙi da kuke shaƙar hayaƙi tun safe: dalma guba ce, kuma ba ta nuna kanta da wuri. A Zamfara a 2010 yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake daka wa a cikin gida. Iyayen sun iya aikinsu sarai, amma wannan ba abu ne da ido ko hannu ke ganewa ba, sai gwajin jini. Don Allah kada a fasa batir a tsakar gida, kada a ci abinci ba a wanke hannu da sabulu ba, kayan aiki kuma a tuɓe su a shago, kada yaro ya rungume ka da su.

Yaro Mai Waya, Kasuwar Dole:
Innalillahi. Anti, ni da haƙori nake riƙe dalmar in hannuwana biyu suna aiki. Maigidana ma haka yake yi.

Malama Nas:
Ka daina daga yau, ƙanena. Ka gaya wa maigidan naka ma.

Ɗan Matamaye:
Ni manomi ne, amma ku bari in sa baki, don abin da kuke faɗa ya taɓa faruwa da mu ta wata fuska. Bayan yunwar 1984 iyayenmu suka daina sassabe gona ƙarƙaf. In kututture ya yi toho sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Gawo musamman, don shi da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa hatsi inuwa, ƙarƙashinsa kuma gero ya fi kyau. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Daga Matamaye zuwa Magarya zuwa Mirya haka abin ya bazu, shekara wajen ashirin manyan masana na duniya ba su lura ba. Sai da aka kwatanta hotunan sama na da da na yanzu aka ga ƙasar ta yi duhu da itace. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne hekta miliyan 5, da itace wajen miliyan 200, a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Da masana suka zo suka auna suka rubuta, abin ya amfane mu, don daga nan aka fara jin maganar manomi a kan itacen gonarsa. Amma mu ba mu yi asarar komai ba da maƙwabci ya koya, gonarsa daban tawa daban. Malam Mai Naɗi kasuwa ɗaya suke ci da wanda zai koya. A duba wannan bambancin kafin a matsa masa.

Mushen Fizik:
Na karɓi gyara. Na yi gaggawa da na ce a raba wa kowa. To a juya: littafi ya zauna a hannunsa. Abin da za mu rubuta tare shi ne abin da ke hana asara da gobara, kamar kaurin waya gwargwadon nisa, kula da batir, maganar dalma. Kuma da sunan duk wanda ya kawo ilimin a kai.

Wahalar da na hango ita ce kalmomi. Mu a aji "tansiyo" da "antansite" muke cewa, na Kano su ce boltej da karan, a shago kuma duka biyun "ƙarfin wuta" ne. Ai rabin abin da ya ƙona famfon Mirya ke nan, abu biyu da suna ɗaya. A garin nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a rubuce, amma har yau ba mu da takarda ɗaya da mai gyara zai duba ya ga wannan bambancin da harshensa.

Mai Naɗi, Zango:
Mu a shago in muna so mu bambanta, mukan ce wuta ta faɗi, ko inji yana ja da yawa. Ka ga akwai su, ba a dai jera su ba ne.

Kuma zan ƙara muku ɗaya kyauta, don wannan cuta ce ba sirri ba. Akwai wayar naɗi da ke yawo a kasuwa, a ido tagulla ce, amma sanholo ce aka shafa mata ja. Ku kankare ta da wuƙa, in cikin ya yi fari ku ajiye. A hannu ma ta fi sauƙi. In ka naɗa da ita a adadin da ka saba, inji zai yi zafi ya ƙone, a ce kai ne.

Mushen Fizik:
Daidai, tana tare wuta fiye da tagulla da kusan kashi 60 cikin 100. Wannan zai shiga shafin farko.

Injiniyan Ruwa:
Ni har yanzu ina kan bakana cewa aikin da ran jama'a ya rataya a kai sai da mai shaida. Amma maganar a gwada hannun mutum a ba shi takarda bisa abin da ya iya, zan kai ta inda ake jin maganata. Rahotona na gaba kuma zan sa sunan tsohon da ya nuna mini, in ya yarda.

Baba Mai Rediyo (jikansa ke rubutawa):
Baba ya ce in za a zauna a zo a ɗauke shi. Akwai akwati a ƙarƙashin gadonsa da kwalaben rediyo da zanen da ya yi da hannunsa, ba wanda ya tambaye shi tun da ya bar kasuwa. Ya ce yarinyar mai sola ta zo ta gani.

'Yar Sabon Gari:
In sha Allah Baba, zan zo da mitata da batir ɗaya da ya kumbura, a fasa zancen a kansa.

Yaro Mai Waya, Kasuwar Dole:
Lahadi da safe ba zan samu ba. A sa bayan la'asar. Kuma Mushe, don Allah ban da allo da Faransanci, in aka fara haka yaran layinmu ba za su dawo ba.

Shugaban Zaure:
To Lahadi bayan la'asar. Wuri fa? Malam Mai Naɗi, zauren naka zai ɗauki mutum nawa?

Mai Naɗi, Zango:
Goma sha biyar in an matsa. Akwai tabarma, amma a zo da benci ɗaya saboda Baba. Tsohon koyil ɗin famfon Mirya yana nan ban yar ba, zan fito da shi.